Awon da ke Riƙe da Dasasshiyar Ƙoda

Idan aka ce an yi wa wani dashen ƙoda an kuma yi nasara, yabo kan tafi ne ga likitan fiɗa, kuma ya cancanta. Sai dai ɗinke jijiyoyin jini tsohon ilimi ne. Alexis Carrel ya ci kyautar Nobel a kansa tun 1912. Abin da ya gagari likitoci shekaru masu yawa bayan haka shi ne yadda ƙodar za ta zauna. A ɗinka ta tsaf, ta fara fitar da fitsari, kafin mako biyu ta kumbura ta mutu. Dashen farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ranar 23 ga Disamba 1954, ya ɗore ne don tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin Hassan bai ga baƙo a naman Hussaini ba. Mu da ba mu da irin wannan tagwai sai da muka jira magani. Tiyatar kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, maganin kuwa sai ran da ƙodar ta daina aiki ko mai ita ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan gwaninta ta biyu, wadda ba ta da wuƙa kuma ba a ɗaukar hotonta, ita nake so mu duba.

A Najeriya asibitin St. Nicholas da ke Legas ne ya buɗe ƙofa a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa dashen na farko a 2002. Tun daga lokacin mutanenmu da yawa sun bar layin wankin ƙoda, wasu a Kano, wasu a Abuja, wasu a Indiya ko Masar. Daga cikinsu akwai waɗanda abincinsu ke kudu: masu albasa da tumatur, 'yan canji, masu dabbobi, a Mile 3 ta Diobu a Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu. Mutum ya warke ya koma rumfarsa, tsakaninsa da likitan da ya san tarihinsa tafiyar ɗaruruwan kilomita, ga leda cike da magunguna da sunayensu ke karya harshe.

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a zango ya san baƙo ba ya zama lafiya sai da mai masauki, wanda zai tsaya masa ya ce wannan nawa ne. Jikin ɗan Adam bai san wannan al'ada ba. Kusan kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikinka tana ɗauke da wata alama ta furotin a fatarta, ana kiranta HLA, rabi ka gada daga uwa rabi daga uba. Nau'o'inta sun kai dubbai, shi ya sa ko tsakanin shaƙiƙai uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace baki ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu dare da rana shi ne shafa waɗannan alamu. Idan ƙwayar cuta ce ta shigo, ƙalilan ne daga cikinsu ke gane ta. Amma baƙuwar HLA tana tayar da kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na dukan ƙwayoyin T a lokaci guda. Ƙodar da ƙaninka ya ba ka don Allah da zumunci, garkuwar jikinka tana yi mata kallon da ya fi na annoba muni.

Mu shiga cikin ƙwayar T ɗin, domin a nan duk labarin yake. Da ta taɓa baƙuwar alama, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikinta. Kalsiyam ya kama wani ƙaramin furotin mai suna kalmodulin, su biyu su tayar da wani inzayim, kalsinurin. Aikin kalsinurin a nan guda ɗaya ne. Akwai furotin da ake kira NFAT, yana zaune a wajen cibiyar ƙwayar, an maƙala masa ƙwayoyin fosfet da ke hana shi shiga. Kalsinurin ya ciccire fosfet ɗin, NFAT ya kutsa cibiya inda DNA take, ya kunna ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin saƙo, IL-2. Wannan IL-2 ya fito waje, ya sauka a kan mazauninsa a fatar ƙwayar da ta yi shi da maƙwabtanta, daga nan saƙon ya bi ta wani furotin, mTOR, ya ba da umarnin a hayayyafa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, cikin mako guda sun zama dubbai, dukansu sun san alamar ƙodar nan kuma sun nufe ta.

Duk maganin da ke cikin ledar nan ta mai rumfa a Mile 3 wani mataki ne yake tarewa a wannan jeri.

Babban cikinsu a yau shi ne takrolimus, ɗan kafso na rabin miligiram, ko ɗaya, ko biyar. Asalinsa wata bakteriya ce da masana na kamfanin Fujisawa suka samo a 1984 cikin ƙasar da aka ɗebo a gindin dutsen Tsukuba a Japan. Thomas Starzl ya fara ba majiyyata shi a Pittsburgh a 1989, Amurka ta amince da shi a 1994. Yayansa, saikulosporin, ya fito ne daga wata funfuna da aka samu a ƙasar da wani ma'aikacin Sandoz ya kwaso daga tsaunukan Norway a 1969. Jean-François Borel da abokan aikinsa a Basel suka wallafa tasirinsa a 1976, Roy Calne ya gwada shi a kan masu dashen ƙoda a Cambridge a 1978, aka amince da shi a 1983. Kafin zuwansa kusan rabin ƙodojin da aka dasa daga mamata ba sa cika shekara. Bayan zuwansa fiye da 80 cikin ɗari suka riƙa cikawa.

Likitoci sun shafe shekaru suna ba da waɗannan magunguna ba tare da sanin takamaiman abin da suke taɓawa ba. Sai a 1991 Jun Liu da Stuart Schreiber da abokansu a Harvard suka warware zancen, kuma amsar tana da ban mamaki. Takrolimus shi kaɗai ba ya iya yi wa kalsinurin komai. Idan ya shiga ƙwayar, sai ya fara kama wani furotin na jikinka da ba ruwansa da wannan rigima, FKBP12, ya zauna daram a wani rami da ke jikinsa. Rabin maganin ya nutse, rabi ya rage a waje. Wannan rabi na waje tare da gefen furotin suka haɗu suka yi wata sabuwar fuska da babu irinta a jiki, kuma ita ce ke manne wa kalsinurin, dab da bakin inda yake aiki, ta tsaya a hanya. Inzayim ɗin yana nan da ransa, amma NFAT mai girman jiki ba ya samun wurin kusantarsa. Fosfet ya zauna inda yake, ba a kunna IL-2 ba, ƙwayar T ta ga baƙo ta kasa kiran kowa.

Saikulosporin bai yi kama da takrolimus ko kaɗan a sura ba, zobe ne na amino asid 11. Furotin ɗin da yake kamawa ma daban ne, saikulofilin. Amma idan suka haɗu, wuri ɗaya suke zuwa su toshe a jikin kalsinurin. Funfunar Turai da bakteriyar Asiya, kowace da hanyarta, suka dira a kan inzayim ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara. Sannan ga na uku, siralimus, daga bakteriyar ƙasar tsibirin Rapa Nui can cikin tekun Fasifik, wanda aka amince da shi a 1999. Shi ma FKBP12 yake kamawa, a rami ɗaya da takrolimus, amma rabinsa na waje daban ne, don haka ba ya waiwayar kalsinurin sam. Wurin mTOR yake zuwa. Wato ya bari a yi kiran, ya hana a amsa.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na maikofenolet, domin shi ba tsintuwa ba ce, tunani ne. Sinadarin kansa tsoho ne, wani likitan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya tace shi daga funfunar ruɓaɓɓiyar masara a 1893. Wanda ya mayar da shi maganin dashe shi ne Anthony Allison, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu ya girma a Kenya. Ya kamata mu san sunan nan ko ba don ƙoda ba, shi ne ya nuna a 1954 cewa masu ɗauke da rabin gadon sikila suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Allison ya lura da abu guda. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma kwafin yana buƙatar sinadarai huɗu, ɗaya daga ciki guwanin. Hanyar samun guwanin biyu ce: ko a ƙera sabo daga tushe, ko a tattara na tsofaffin ƙwayoyin da suka mutu a sake amfani da shi. Yawancin ƙwayoyin jiki suna iya bin duka biyun. Ya duba yaran da aka haifa da nakasa a hanyar tattarawa, ya ga ƙwaƙwalwarsu ta taɓu amma garkuwar jikinsu tana aiki. Sai ya fahimci cewa ƙwayoyin T da 'yan uwansu na garkuwa, ƙwayoyin B, idan suka tashi hayayyafa, kan hanyar ƙera sabo suke dogara. Ke nan idan aka toshe wannan hanya, su ne za su fi kowa shan wuya. Shi da matarsa Elsie Eugui suka nemi abin da ke toshe inzayim ɗin IMPDH, wanda ke tsakiyar ƙera guwanin, suka dawo kan tsohon sinadarin Gosio, suka gyara shi yadda hanji zai sha. An amince da shi a 1995, ya karɓe gurbin azatiyofirin a yawancin asibitoci, wanda shi kuma aikin Gertrude Elion da George Hitchings ne da suka ci Nobel a 1988.

Na ƙarshe a ledar kowa ya san shi, firednisolon. Shi yana ratsa fatar ƙwaya, ya kama mazauninsa, su shiga cibiya tare su dakushe furotin irin su NF-kB da ke kunna ɗimbin ƙwayoyin gadon kumburi. Ba ya zaɓe, shi ya sa yake taɓa ƙashi da suga da hawan jini da fata. Danginsa ne, irin su dezametazon, wasu 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, ba su san garkuwar jikinsu suke kashewa a banza ba, ba tare da ƙodar da za su kare ba.

Me ya sa ake haɗa uku? Domin kowane ɗaya, idan aka ba da shi da yawan da zai isa shi kaɗai, guba ne. Tunda kowane yana tare mataki daban, ana iya ba da kaɗan-kaɗan su taru su isa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2007, mai suna Symphony, a kan majiyyata 1,645, ya nuna cewa takrolimus kaɗan tare da maikofenolet da firednisolon ya fi sauran haɗe-haɗen da aka gwada kare ƙoda. Shi ne tsarin da mafi yawan asibitocin dashe ke bi.

To, a nan gwanintar likita ta fara, domin sanin wannan duka bai gaya maka miligiram nawa za ka ba mutumin da ke zaune a gabanka ba. Kalsinurin ba a ƙwayar T kaɗai yake ba. Takrolimus yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin matatun ƙoda, wato maganin da ke kare ƙodar shi ne kuma ke iya lalata ta. Yana taɓa ƙwayoyin da ke yin insulin, wasu su kamu da ciwon suga bayan dashe. Yana sa hannu karkarwa. Tazarar da ke tsakanin bai isa ba da ya yi yawa siririya ce ƙwarai, har sai an auna ta da nanogiram, kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Ana ɗiban jini awa 12 bayan shan dare, kafin shan safe, lokacin da maganin ya fi ƙaranci a jiki. Bayan watannin farko yawancin asibitoci suna neman adadin ya zauna tsakanin 5 da 10 a kowace mililita.

A ce mai albasarmu ya yi gwaji a Fatakwal, ya tura wa likitansa na Kano ta WhatsApp, an ga kiriyatinin ya hau, alamar ƙoda ta fara gajiya. Dalilin zai iya zama magani ya yi kaɗan, jiki ya fara kai hari, sai a ƙara. Zai iya zama magani ya yi yawa ya matse jijiyoyi, sai a rage. Zai iya zama wata ƙwayar cuta mai suna BK, da ke kwance a jikin yawancin mutane ba ta cutar da su, ta farka saboda an danne garkuwa fiye da kima, nan ma ragewa ake yi. Ko kuwa kawai wuni ya yi a rana yana sauke buhuna bai sha ruwa ba. Lamba ɗaya ce a takarda, hanyoyin gyaranta suna kishiyantar juna, kuma wanda ya ƙara inda ya kamata ya rage ya kashe ƙodar da hannunsa. Gwanin likita kan fara da tambaya: Alhaji, ƙarfe nawa ka sha na dare? Ƙarfe nawa aka ɗebi jinin? Ka yi gudawa? Wani ya ba ka wani magani? Idan amsoshin ba su warware ba, sai a sa allura a tsakuro ɗan naman ƙodar a duba da madubin likita.

Tambayar gudawa ba ta banza ba ce. Kowa zai zaci mai zawo maganinsa zubewa yake yi. Da takrolimus akasin haka ke faruwa. A bangon hanji akwai inzayim da ke narkar da wani kaso na maganin da kuma furotin da ke tunkuɗa shi waje kafin ya kai jini. Idan zawo ya lalata bangon, sai maganin ya wuce babu mai tare shi, adadinsa a jini ya yi tsalle.

Wannan inzayim, dangin CYP3A da ke hanta da hanji, shi ne wurin da ilimin ya zo har ƙofar gidanmu. Ɗaya daga cikinsu, CYP3A5, a yawancin Turawa ba ya aiki sam, gadonsu ke nan. A yawancin mutanen Afirka ta Yamma kuwa yana aiki sosai, yana narkar da takrolimus da sauri. Shi ya sa ƙa'idar da masana suka fitar a 2015 ta ce masu wannan gado a fara musu da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da aka saba. Likitan da ya kwafi adadin littafin Ingila ya ɗora wa Bakano ba tare da awo ba zai iya barinsa babu kariya. Ga kuma ɓangaren da ke da ciwo: wanda ya fi ƙarancin kuɗi shi ne jikinsa ke cin magani ninki biyu.

Ta wannan inzayim ɗin ne kuma sauran magunguna ke shigowa su rikita lissafi. Mai dashe yana da saurin kamuwa da tarin fuka, kuma rifamfisin da ake maganinsa da shi yana sa hanta ta ƙera CYP3A da yawa, har sai an ninka takrolimus sau uku ko fiye, sannan ranar da aka gama maganin tarin a fara saukowa, in ba haka ba ya zama guba. Kilaritromaisin da iritromaisin da fulukonazol suna yin akasin haka, suna toshe inzayim ɗin maganin ya taru. Garehul ma haka. Dikulofenak da ibufurofen da muke saya kamar gyaɗa don ciwon jiki ba ta hanta suke ɓarna ba, suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙodar ne a kan matsewar da takrolimus ya riga ya yi. Jiƙe-jiƙe da tsimin da ake talla a tasha kuwa, babu wanda ya auna abin da suke yi wa wannan inzayim, don haka likitoci ke cewa a bar su baki ɗaya.

Azumi ma sai da lissafi. Maganin yana son tazarar awa 12, wunin azumi a nan ya fi haka, ga ƙishirwa. Galibin likitoci suna hana azumi a shekarar farko, shari'a kuma ta riga ta sauƙaƙa wa majiyyaci. Bayan haka wasu kan yi da izinin likita, a sahur da buɗa-baki, ko a mayar da su kan nau'in takrolimus da ake sha sau ɗaya a rana, tare da awo.

Wani lokaci gwanintar takan zama sanin yaushe za a sauya gaba ɗaya. Dannen garkuwa yana buɗe ƙofa ga wani ciwon dajin fata, Kaposi, wanda ƙwayar cutar da ke haddasa shi ta yawaita a Afirka. A 2005 likitoci a Italiya suka ba da rahoton cewa da suka cire majiyyatansu daga saikulosporin suka ɗora su kan siralimus, tabon ya baje kuma ƙodar ta tsira, domin mTOR da yake toshewa shi ne dajin ke buƙata don ya yi jijiyoyi. Haka macen da ke son haihuwa bayan dashe, dole a ɗauke ta daga maikofenolet makonni kafin ta ɗauki ciki a mayar da ita kan azatiyofirin, saboda na farkon yana nakasa ɗan tayi.

Duk wannan ilimi yana rushewa idan kafso ɗin jabu ne ko babu shi. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe babbar kasuwar magani ta Ogbo Ogwu da ke bakin gadar Anacha, tare da na Aba da Idumota ta Legas, saboda jabu da lalatattun magunguna. Da maganin da ake auna shi da nanogiram, ko sauya kamfani na gaskiya zuwa wani na gaskiya sai an sake gwajin jini, balle a sayi wanda ba a san asalinsa ba don ya fi araha. Likitocin ƙoda na Najeriya sun sha kokawa cewa rashin kuɗin magani yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dasassun ƙodoji a ƙasar nan. Mutum ya ji garau, ya fara sha sau ɗaya maimakon biyu don kwalin ya kai ƙarshen wata. Ba ya jin komai, ƙwayoyin T kuwa sun fara aiki, kuma sau da yawa kafin ƙafa ta kumbura ɓarnar ta yi nisa.

Mun iya gidauniya. Idan aka ce wane na buƙatar dashe, masallaci da ƙungiyar 'yan kasuwa da dangi na gida kan tashi tsaye har a haɗa kuɗin tiyata, daga nan kowa ya koma harkarsa yana cewa an gama. Ina roƙon shugabannin al'ummarmu a Mile 3 da Anacha da Inugu, da duk mai hannu a irin wannan taimako, su riƙa zama da likitan ƙoda tun kafin a shiga ɗakin tiyata, a rubuta kuɗin magani da na gwajin jini na kowane wata, a san wanda zai ɗauke su shekara bayan shekara, sannan a samo wa majiyyaci likitan ƙoda a garin da yake zaune wanda zai riƙa magana da na Kano. Kai kuma da aka dasa maka, kada ka haɗiyi komai, ko na mura ne, sai likitanka ya ji sunansa.